Yadda Ake Amfani da Tsohuwar Rauta Bayan An Sauya Kamfanin Intanet

A gidaje da shaguna da dama za ka tarar da rauta ɗaya ko biyu jibge cikin durowa, ƙura ta rufe su, alhali lafiyarsu ƙalau. Ko dai sabis ɗin kamfanin ya yi rauni a unguwar, ko kuɗin data ya fi ƙarfin mai gida, ko an ja faiba, ko an kafa farantin Starlink a kan rufi, sai aka ture tsohuwa gefe. Mafi yawansu za su iya komawa bakin aiki. Sai dai hanyar da mutane suka fi fara gwadawa, wato zare sim ɗin wancan kamfani a cusa na wannan, ita ce ta fi wahala, kuma ita ce ta fi cinye kuɗi a banza.

Abin da muke kira rauta na'urori huɗu ne aka haɗa a gida ɗaya. Akwai modem, mai magana da eriyar kamfani ko igiyar faiba. Akwai ɓangaren da ke raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshi, yana kuma gadin ƙofa tsakanin gida da waje. Akwai ramukan LAN da ake soka kebul. Sai rediyon da ke watsa Wi-Fi. Modem ɗin kamfani yakan ɗaure da sabis ɗinsa. Sauran ukun babu ruwansu da sunan da aka buga a jikin kwali. Wanda ya tsallake modem ya huta. Wanda ya nace sai ya yi kokawa da shi, to ya fara da bincike kafin ya sa hannu a aljihu.

Juya ta ka duba bayanta

Takardar da ke manne a ƙasa ko bayan rauta ita ce abu na farko. Ɗauki hotonta da waya, domin da zarar an rataye na'urar a bango ba za ka so sauko da ita ba. A kanta akwai cikakkiyar lambar samfuri, adireshin shiga shafin saiti, sunan shiga da kalmar sirri, ƙarfin wutar da take sha, da lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar mai lambobi 15, idan mai sim ce.

Sannan ka dubi ramukan. Idan akwai wanda aka rubuta WAN, wato ramin da intanet ke shigowa ta cikinsa, sau da yawa shuɗi ko ja, ka yi sa'a, don hanya ta farko da ta biyu da za su zo a ƙasa a buɗe suke gare ka. Rautocin sim irin su Huawei B315 da B525 suna da ramuka huɗu, na ƙarshe an rubuta masa LAN4/WAN, yana iya yin aikin biyu. Huawei B310 rami ɗaya tak gare ta, shi ma mai aiki biyu. Ƙaramin ramin da aka rubuta TEL na wayar tebur ne, kada ka matsa masa kebul.

Rautocin tokumbo da ke shigowa daga Ingila suna yaudarar masu saye. BT Home Hub da na Sky da TalkTalk suna da ƙaramin rami mai launin toka da aka rubuta DSL ko Broadband. Na layin tarho na tagulla ne, irin wanda ya tafi tare da NITEL, babu abin da za ka haɗa da shi a nan. Na Virgin Media kuma suna da kan dunƙule mai zare irin na kebul ɗin dish, shi ma ba na tsarinmu ba ne. Irin waɗannan a saye su da niyyar watsa Wi-Fi kawai, in ma za a saya.

Idan ka ga rami mai murfi da aka rubuta PON ko Optical, wannan na'urar faiba ce, kuma kafin ka taɓa ta ka duba takardar yarjejeniya. Kamfanonin faiba da yawa aron na'urar suke bayarwa, tana nan a matsayin kayansu ko bayan ka bar su.

Kayan aiki da wanke ƙwaƙwalwarta

Kana buƙatar adafta ta wuta, kebul na LAN gajere na gwaji, dogon kebul da zai kai inda za a kafa ta, allura ko tsinken sakace, da kwamfuta mai ramin LAN in da hali. Da waya ma ana iya yi, amma duk lokacin da ka sauya saitin Wi-Fi za ta yanke ka.

Adafta ita ce ke kashe rautoci fiye da komai, musamman idan ta asali ta ɓace aka ɗauko ta dikoda ko ta wata na'ura. Ƙa'idar mai sauƙi ce: lambar volt dole ta zama daidai, lambar amfiya kuma daidai ko sama da haka. Rauta mai neman 12V 1A za ta zauna lafiya da adafta 12V 2A, amma 19V ta laftof za ta ƙone ta nan take, ko da bakin ya shiga. Mai neman 2A da aka ba 1A za ta kunnu, sai ta riƙa mutuwa tana tashi duk lokacin da mutane suka yi yawa a kanta, har a ɗauka ta lalace. Duba ƙaramin zanen da ke nuna inda alamar tarawa take. A yawancinsu tana tsakiyar baki.

Kunna ta, ba tare da an haɗa ta da sabuwar rauta ba tukuna. Bari ta gama tashi, minti biyu ya isa. Soka allura a ramin Reset ka danne na daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitilu su ɗauke su dawo. Wannan zai share tsohuwar kalmar sirri da duk saitin da wani ya taɓa yi. Idan akwai tsohon sim a ciki, kashe ta ka zare shi.

Haɗa kwamfuta da ramin LAN1, kashe Wi-Fi na kwamfutar, buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke kan takarda. Rautocin sim na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na ZTE da ZLT 192.168.0.1, na'urorin faiba na Huawei 192.168.100.1, BT kuma 192.168.1.254. Idan takardar ta goge, buɗe cmd a Windows ka rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce. In da waya kake yi, kashe datar wayar, in ba haka ba za ta ga Wi-Fi ɗin babu intanet ta koma kan data a ɓoye, shafin ya ƙi buɗewa.

Hanya ta farko: mayar da ita mai watsa Wi-Fi

Wannan ita ce hanyar da ke aiki da kusan kowace rauta, kulle ko ba kulle, ta sim ce ko ta faiba ko ta tokumbo. Sabuwar rauta tana kawo intanet, tsohuwa tana isar da shi inda Wi-Fi bai kai ba: sashen iyali, zaure, bene na sama, ko shagon da ke jikin gida. Abu biyu ne za su iya ɓata aikin, kuma su ne matakan ke ƙoƙarin kaucewa: na'ura biyu masu adireshi ɗaya, da na'ura biyu masu raba adireshi.

1. Fara da sabuwar rauta. Shiga shafinta ka rubuta adireshinta da kuma iyakar adireshin da take rabawa, a ƙarƙashin DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi. A ce adireshinta 192.168.1.1, tana rabawa daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.200. Duk lambar da ke wajen wannan iyaka a sake take, don haka 192.168.1.2 ta dace da tsohuwa. Idan tana rabawa tun daga 2 har 254, matsar da farkon zuwa 10. Idan ba ta yarda a taɓa iyakar ba, zaɓi lamba ta can sama irin 250, ka rubuta ping da lambar a cmd ka tabbatar babu mai amsawa.

2. Koma kan tsohuwa ka fara da saitin Wi-Fi, tun kana iya shiga cikin sauƙi. Ba ta suna dabam da na sabuwa a yanzu, don ka san wadda kake gwadawa. Zaɓi tsaro na WPA2-PSK da AES. Kada ka zaɓi WEP, ana fasa shi cikin mintuna; TKIP kuma yana danne gudu zuwa 54 Mbps ko da na'urar ta fi haka.

3. Daidaita tasha. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Idan sabuwa tana kan 1, sa tsohuwa a 6 ko 11, faɗin tasha kuma 20 MHz. Mutane suna son 40 MHz don lambar ta fi girma, amma a unguwa mai cunkoso hayaniya kawai yake ƙarawa.

4. Idan ramin da za ka yi amfani da shi mai aiki biyu ne, nemi saitin Ethernet ka zaɓi LAN only. In ba haka ba, na'urar za ta gane akwai intanet a kebul ɗin ta mayar da ramin WAN da kanta.

5. Sauya adireshin LAN na tsohuwa zuwa wanda ka zaɓa, da subnet mask 255.255.255.0. Za ta sake tashi. Shiga da sabon adireshin.

6. Sai a ƙarshe ka kashe DHCP ɗinta ka adana. Daga nan kwamfutarka za ta iya rasa adireshi, shafin ya ɓace. Kada hankalinka ya tashi, haka ake so.

7. Ɗauki kebul daga ramin LAN na sabuwa zuwa ramin LAN na tsohuwa. LAN zuwa LAN. Ramin WAN a bar shi fanko. Wasu ma suna liƙe shi da salatif don kada yaro ko baƙo ya mayar da kebul can.

8. Haɗa waya da Wi-Fi na tsohuwa ka duba adireshin da ta samu. Ya kamata ya fito daga iyakar sabuwar rauta, kuma gateway ya nuna 192.168.1.1.

Dalilin kashe DHCP ya cancanci a tsaya a kansa, domin matsalarsa ba ta bayyana nan take. Duk wayar da ta shigo takan yi shela tana neman adireshi, ta karɓi amsar da ta fara iso mata. Idan tsohuwar rauta ce ta riga amsawa, za ta ce wa wayar ta bi ta kanta zuwa intanet, ita kuwa ba ta da hanyar fita. Shi ya sa za ka ga waya ɗaya tana aiki, ta kusa da ita tana nuna an haɗa amma babu intanet, gobe kuma su yi musaya. Mutane sukan zargi kamfani, alhali ɓarnar tana cikin gida.

Akwai rautocin da kamfani ya datse wa shafin saiti. Wata ba ta barin a sauya lambar ƙarshe ta adireshi, sai ta uku kawai. Babu komai: bar ta a 192.168.8.1 ɗinta, ka kashe DHCP, ka haɗa LAN zuwa LAN, za ta watsa Wi-Fi daidai, muddin adireshin bai yi karo da na sabuwa ba. Ranar da kake son shiga shafinta sai ka ba kwamfuta adireshi da hannu, kamar 192.168.8.50, in ka gama ka mayar. Wata kuma babu maɓallin kashe DHCP sam. A nan ana iya matse iyakar ta koma adireshi ɗaya tak a keɓe shi ga wata lambar MAC (lambar shaidar da kowace na'ura ke da ita) da babu ita a gidan; idan hakan ma ya gagara, ka koma hanya ta biyu.

Mai Starlink ya kula da abu biyu. Rautar ƙarni na biyu ba ta da ramin LAN ko ɗaya, sai an sayi adaftar Ethernet dabam; ta ƙarni na uku tana da biyu a baya. Kuma farantin kansa yana amfani da 192.168.100.1, wanda shi ne adireshin asali na na'urorin faiba na Huawei. Idan irin wannan za ka haɗa, lallai ka sauya mata adireshi, in ba haka ba manhajar Starlink za ta iya kasa ganin farantin.

Bayan komai ya zauna, kana iya ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da irin tsaro ɗaya, don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Ka dai sani wayar ce ke yanke shawarar lokacin sauyawa, kuma wasu sukan maƙale wa rauta mai nisa har sai sigina ya kusa ƙarewa. A gidan da hakan ke damun mutane, suna biyu ya fi kwanciyar hankali.

Kebul ɗin da ke tsakani kada ya wuce mita 100. Sayi Cat5e ko Cat6 na tagulla zalla. Mai rahusar nan da aka rubuta CCA alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana karyewa a wajen matse kai, kuma a nesa yana zubar da gudu. In da kanka za ka matse kan RJ45, jerin launi a duka ɓangarorin shi ne: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Gudun 100 Mbps silli huɗu yake amfani da su, na gigabit kuma duka takwas, don haka silli ɗaya da bai matsu ba ya isa ya sauko da kai zuwa 100 ba tare da intanet ya yanke ba. Idan gwajin gudu yana tsayawa a wajen 94 Mbps kullum, ko dai wannan ne, ko ramukan tsohuwar rautar ne iyakarsu ke nan.

Hanya ta biyu: ta ramin WAN

A nan tsohuwar rauta za ta ci gaba da raba adireshi, intanet kuma ya shigo mata ta WAN. Idan bayan wata rauta za ka sa ta, zaɓi Dynamic IP a saitin WAN, ka bar DHCP ɗinta a kunne, ka tabbatar lamba ta uku ta adireshinsu ta bambanta: sabuwa 192.168.1.1, tsohuwa 192.168.8.1 ko 192.168.2.1. Idan duka biyun suna kan 192.168.0.1, kamar yadda ke faruwa in aka haɗa ZTE da ZLT, ba abin da zai wuce.

Ya fi sauƙin saitawa, amma gidan ya rabu biyu. Firintar da ke bayan tsohuwa ba za ta ganu daga ɓangaren sabuwa ba, tura bidiyo daga waya zuwa talabijin zai iya ƙi, wasannin intanet su yi ƙorafin NAT, wato matsalar bi ta rauta biyu kafin a fita. Akwai kuma kuskuren da masu shago ke yawan yi: su sa kwastomomi a bayan tsohuwar rauta suna ganin sun killace su. Abin a juye yake. Wanda ke bayan ta ciki yana iya kaiwa ga na'urorin da ke kan ta waje, na wajen ne ba sa iya shigowa ciki. In killacewa ake so, a yi amfani da Wi-Fi na baƙi idan rautar tana da shi.

Idan kuma so kake tsohuwar ta zama babbar rauta a bayan na'urar faiba, kira kamfanin ka tambayi abu huɗu: irin haɗin da suke amfani da shi, PPPoE ko DHCP; sunan shiga da kalmar sirri in PPPoE ne; ko akwai lambar VLAN, wato lambar da suke ware layin intanet da ita; da ko sun ɗaure layin da lambar MAC. Ka kuma nemi su mayar da na'urarsu bridge, wato ta zama gada kawai ta miƙa wa taka intanet, domin sau da yawa su kaɗai ke da ikon yin hakan. Idan suna buƙatar VLAN a ɓangarenka, rautarka kuma ba ta da wurin sa shi, magana ta ƙare. Idan layin a ɗaure yake da MAC, kashe na'urar faiba na wasu mintuna ka kunna, ko ka yi amfani da MAC Clone, wato kwafo lambar da aka ɗaure layin da ita zuwa rautarka. A PPPoE a sa MTU, wato girman ƙunshin bayanai da ake turawa a lokaci ɗaya, a 1492, domin tsarin yana cin bayit 8 daga cikin 1500. Alamar an bar shi ba daidai ba ita ce WhatsApp yana tafiya amma wasu shafuka suna tsayawa a rabi.

Starlink yana da Bypass Mode mai kashe rautarsa ya miƙa wa taka ragama, kuma dawowa daga gare shi sai an yi wa rautar Starlink Reset ta koma saitin asali. Ba dabara ba ce a kashe rauta mai Wi-Fi 6 don a ɗora nauyin gida a kan tsohuwa mai ramin 100 Mbps. Mai neman buɗe ƙofa don kallon kyamarar tsaro daga nesa kuma ya duba adireshin WAN: idan ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, kamfani ne ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma babu saitin rauta da zai warware wannan.

Hanya ta uku: sauya sim

Kafin maganar kulle, duba zango, wato mitar rediyon da ake watsa sabis a kanta. Kowane kamfani yana watsa 4G a zangon da ya mallaka, kowace rauta kuma akwai waɗanda take ji. A Najeriya MTN yana kan zango 3, 7 da 20. Airtel ya fi dogara da 3. Glo yana kan 28 da 3. Spectranet yana kan 40. Smile an gina shi a kan 20. Sunan samfuri kaɗai bai isa ba, sai da lambar da ke biye: Huawei B315s-22 tana jin 20 amma ba ta jin 28 ko 40, B315s-607 kuma tana jin 28 da 40 amma ba ta jin 20. Rautar da ba ta jin zangon kamfani, ko an buɗe kullenta sau goma, iyakarta ta faɗo 3G ko ta ce babu sabis. Haka lissafin yake ga mai Airtel, Moov ko Zamani a Nijar: a tambayi zangon da ke aiki a garin, a gwada da takardar na'ura.

Kashe rautar, sa sabon sim wanda rajistarsa ta kammala, an kuma cire masa PIN a waya. Yi hattara da firam ɗin da ake ɗora ƙaramin sim a kai. Idan ya maƙale aka fizge shi, yana lanƙwasa ƙafafun ramin, gyaran kuwa sai an kwance na'ura. Kunna ka shiga shafin saiti. Idan ta nemi lambar buɗewa, a kulle take. Lambar tana fitowa ne daga IMEI, kuma yawan gwaji ƙayyadadde ne, a Huawei galibi sau 10; in suka ƙare ta kulle ke nan. Kada ka yi canki-canki, kada kuma ka amince da lambobin kyauta da ake samarwa da tsofaffin manhajoji, waɗanda aka yi don modem na zamanin 3G. Fara da tambayar kamfanin da ya sayar maka.

Wasu samfuran ba sa neman lamba ma, sai an sauya musu manhajar ciki. Masu gyaran waya suna yi, amma idan aka ɗora fayil na wani samfuri, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, na'urar ta zama bulo. Kwatanta kuɗin aikin da farashin rauta marar kulle kafin ka yarda. Duk wanda ya ce zai sauya maka IMEI, ka karɓi kayanka ka tafi. Hanya ce ta jawo toshe na'ura da shiga rikici da hukuma.

Idan ta karɓi sim amma babu intanet, saura APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin sim, domin har yanzu tana riƙe da na tsohon kamfani. Ƙirƙiri sabon profile: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. Mayar da shi na farko ka sake kunnawa. Sannan duba lambar RSRP, mai nuna ƙarfin sigina, a shafin bayanin na'ura: daga -90 zuwa sama yana da kyau, ƙasa da -110 ya yi rauni, sai a matsar da ita kusa da taga ko a sa eriyar waje.

Na'urar faiba kuwa ba a yi mata wannan dabara. Injin kamfani yana tantance ta ne da lambar siriyal, kuma in ba su yi mata rajista ba, fitilar PON za ta yi ta ƙiftawa har gobe. Bakin igiya kore da shuɗi ma ba sa haɗuwa, gogarsu ta bambanta. Kada a leƙa cikin igiyar faiba da ido, haskenta ba ya ganuwa amma yana illa.

Rufe ƙofofin da tsohon kamfani ya bari

Sauya kalmar sirrin shiga shafin saiti; admin da admin kowa ya san su. Kashe WPS, wato saitin haɗa Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Nemi TR-069 ko CWMP, wato ƙofar da kamfani ke bi ya saita na'ura daga nesa, ka kashe in an ba ka dama. Ta irin wannan ƙofa, mai lamba 7547, aka kai harin da ya katse intanet ga kusan masu hulɗa 900,000 na Deutsche Telekom a Jamus a watan Nuwamba na 2016. Rautar da ta daina samun sabunta manhaja ta fi aminci a hanya ta farko, a bayan sabuwa, fiye da a ce ita ke fuskantar intanet kai tsaye.

Idan ta ƙi

Adireshi mai farawa da 169.254 a waya ko kwamfuta yana nufin babu wanda ya ba ta adireshi: duba kebul, duba ko ya shiga WAN bisa kuskure. Idan shafin sabuwar rauta kake nema sai na tsohuwa ya fito, adireshinsu ya yi karo. Idan duk fitilun LAN suna ƙiftawa kamar hauka kuma intanet ya tsaya cak a gidan baki ɗaya, an haɗa rautocin da kebul biyu, ko an soka kai biyu na kebul ɗaya a na'ura ɗaya, zare ɗaya. In ka rasa hanyar shiga gaba ɗaya, allura tana nan, a sake daga farko.

Sauran matsalolin na wuri ne. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su don zafin da bai wuce digiri 40 ba, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu kuwa yakan kai haka. Kada a sa ta cikin silin ko a rufe ta da ƙyalle. A rataye ta a bango sama da kai, nesa da firji da ƙofar ƙarfe, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ramukan iska. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma bangon kankare ɗaya ko biyu ya ishe shi, don haka ɗakunan nesa 2.4 GHz za su kama. Mai haɗa ta kai tsaye da batirin sola ya tuna batirin 12V yana haura 14V lokacin caji, sai an sa abin daidaita wuta a tsakani ko ƙaramin UPS na rauta. Kebul ɗin da ya ratsa tsakar gida zuwa wani gini a zura shi cikin bututun roba, kada a ɗaure shi jikin wayar lantarki, kuma idan hadari ya haɗo da tsawa a damina, a zare shi daga duka ɓangarorin biyu, domin ta nan tsawa ke bi ta ƙone ramukan rauta biyu a lokaci ɗaya.